Barkar Da Ba Tawa Ba

Gaya, Asabar, 5 ga Oktoba

Zuwa ga ƙanena Nasir Ado, a Dakar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Khaulat da Nura da ƴar auta Rashida. Allah Ya ƙara maka basira, Ya buɗa maka ƙofofin alheri a ƙasar mutane, Ya kare ka daga sharrin mahassada, na nesa da na cikin gida. Mu nan lafiya lau muke, sai godiyar Allah. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma zuwa suna da biki ba tare da sanda ba, ko da yake matata Habiba na cewa sandar ce ta gaji da yawon, ba Inna ba. Ƴar uwarmu Rahinatu ta sauka lafiya a Yelu, an samu namiji, an mayar da sunan Baba. Damina ta yi albarka, gero ya nuna, masu shinkafa suna jiran ruwa ya ja baya. Gada dai har yanzu a rufe take, mai zuwa Malanbil sai ya bi kwale-kwale, shi ya sa masunta da yawa suka jingine taru suka koma fito.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda ta hannu a wurin Isufu da ya nufo Dakar, alhali ga salula a aljihun kowa. Sau biyar ina ɗaukar murya ina gogewa, domin abin da zan faɗa, in na ji shi da kunnena ba zan iya aika shi ba. Maganar littafinka ce. Bayan ƙaramar Salla ka aiko min da shi, ka rubuta a ƴar takarda cewa ni ka fara aika wa, kana so in karanta in faɗa maka ra'ayina, sannan in kai wa Inna albishir da bakina tunda ni ne babba. Na ce maka ya iso, zan duba in na samu sarari. Ƙarya na yi. Cikin kwana biyu na cinye shi, ko sallar la'asar sai da Habiba ta tuna min. Da na kai shafin ƙarshe na ji wani abu ya tokare min ƙirji. Na buɗe akwatin ƙarfen nan na Baba, na ɗaga tulin kaye da na cika da rubutu, na tura naka can ƙasa na rufe. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta nawa littafin a kan wannan fanni, gabatar da ilimin sinima ga mai fara karatu. Kai ma ka sani, duk Gaya ta sani, don ba wanda ban faɗa wa ba. Kai da ban taɓa jin ka ce kana rubutu ba, sai ga naka da bango mai sheƙi. An ce wanda ya riga ka barci zai riga ka tashi, to ni na riga ka kwanciya da shekara tara, ga shi har yanzu ina kan tabarma. Inna kuwa ban gaya mata komai ba.

Da na zaci na binne maganar, sai ta tono kanta. Ka san ban da aikina na koyarwa a lise, babbar sakandare, duk Litinin ina hawa mota zuwa Doso in koyar da ƴan shekarar farko na jami'a darasin gabatarwar sinima. Wata guda kafin a koma karatu, shugaban sashenmu, Dakta Hamani, ya kira ni bironsa. Ya ce an gaji da koyarwa da ƴan takardu warwatse, bana ana so a tsayar da littafi ɗaya da kowane sabon ɗalibi zai riƙe, kuma tunda ni nake shiga ajin, ni zan zaɓa in rubuto rapor. Ya jera min uku a kan tebur. Na ukun naka ne, wai a wani taro ya samo shi. Ya sa yatsa a kan sunan ya tambaye ni ko Adon nan namu ɗaya ne. Na ce ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Nasir, mutumin nan ya miƙe tsaye ya sake ba ni hannu. Shekara uku ina shiga wurinsa, bai taɓa ɗaga jikinsa daga kujera don ni ba. Na yi murmushi har haƙorana suka bushe, na kwashi littattafan na fito.

Bari in yi maka adalci a nan, tunda aikin da aka ba ni ke nan. Na farko daga Faransa yake, shafi ɗari biyar da wani abu, kuma mai ilimi ne ya rubuta shi, ba shakka. Amma duk misalansa finafinai ne da yaranmu ba su taɓa gani ba, ba kuma inda za su same su, sannan ƙarfinsa duk yana cikin hotuna masu launi. Ka san ɗalibinmu ba sayen littafi yake ba, ƴan kaɗan za a ajiye, sauran kowa ya kai fotokopi. Na gwada shafi uku a wurin mai injin bakin kasuwa, fuskar da ake son ɗalibi ya dubi yadda haske ya sauka a kanta ta fito kamar gindin tukunya. Na biyu siriri ne, fassara ce, akwai tambayoyi a ƙarshen kowane babi, abin da na so ƙwarai, sai dai yana jera wa yaro kalmomin fanni arba'in kafin ya nuna masa abu ɗaya da zai kalla. Naka kuwa zane ka yi da layi, ba hoto ba, inji ya fito da shi tas. Kowane babi ka fara da abin da yaro ya sani kafin ka ba shi sunan abin. Ka yi sakaci a tarihin farkon sinima, babin ya yi gajarta, kuma na ga kuskuren shekara a wuri biyu. Wallahi da na gan su sai da na ji daɗi kamar an yi min kyauta, na ja musu layi da jan bik har takardar ta kusa hujewa.

Ka san al'adata tun da na fara koyarwa, duk abin da zan kai aji sai na fara gwada shi a kan bencin Baba Alfari. Tsohon yana nan a rumfar kallonsa ta bayan tasha, gefen tele, makirfo a hannu, yana juya finafinan Indiya da na Sin zuwa Hausa da Dendanci, kamar yadda yake yi tun ina ɗaukar ka a wuya don ka hango ta saman kawunan manya. Abin da direba mai jiran lodi ya gane, ɗalibi zai gane. Kafin in tafi na samo tsohon buhun siminti, na yanke takardarsa na lulluɓe littattafan uku kamar yadda Baba yake yi wa namu na lakwal muna ƴan makaranta, har shafin suna na cusa a cikin bangon. Na ce wa kaina don a yi hukunci ba sani ba sabo. Gaskiyar ita ce ban so wani mai karatu a rumfar ya hango sunanka a fara sa maka albarka a gabana ba, kuma a can ƙasan raina ina fata tsohon ya ji naka ya taɓe baki.

Kwana uku na yi ina zuwa bayan la'asar, kafin a kunna kallo, ina karanta babin montaj daga kowane littafi ina juya musu da Hausa, wato yadda ake yanka hoto a haɗa shi da wani har labari ya tashi. Ranar na Faransa, wani direba ya tsayar da ni sai na bayyana masa yadda jirgin ƙasa ke tafiya a ƙarƙashin gari, muka ƙare zaman a kan jirgin, Baba Alfari na gyangyaɗi. Ranar na biyun suka ce wannan ai irin takardar ƴan duwan masu karɓar kuɗin kaya ce da ake karanta musu a kan iyaka, a ji ta a ce to. Rana ta uku na buɗe naka. Na karanta inda ka ce mutum ya sa ƙafa a kwale-kwale a bakin ruwan Gaya, hoto na gaba yana sauka a Malanbil, ba mai kallon da zai tambayi ina tsakiyar kogin, domin kansa ya riga ya yi fiton. Na karanta inda ka ce hoton kusa shi ne abin da mai kifi take yi in ta ɗago kifin har gaban idonka ta buɗe gefen kansa ka ga jan, ba ta ce komai ba, amma ta zaɓar maka abin da za ka duba. Sai tsohon ya ajiye makirfo a cinyarsa, ya dube ni da idanun nan nasa da suka fara fari, ya ce:

"Rashidu, ashe ka gama. Wannan ai maganarka ce, a kan bencin nan ka fara yin ta, ƙanenka na gefenka yana cin gyaɗa."

Bai yi ƙarya ba, Nasir. Misalin kwale-kwalen da na mai kifin nawa ne. Ina ɗan shekara ashirin da biyu na yi maka su, lokacin da ka dame ni da tambayar me ya sa jarumi ke shiga mota a wani gari ya fito a wani ba a nuna hanya ba. Tun karatun farko na gane su, su ne abin da ya tokare ni. Yanzu ga mutum wajen talatin sun zuba min ido, ga tsohon da ya shekara goma sha ɗaya yana tambayata ina littafi. Kalma uku kawai ake bukata, in ce na Nasir ne. Na buɗe baki, abin da ya fito shi ne alhamdu lillahi. Baba Alfari ya ɗauki makirfo ya sanar da Hausa, ya maimaita da Dendanci, cewa Mushe Rashidu, wato Malam Rashidu ɗan Ado, ya gama littafinsa, har jami'a za ta karanta. Kafin in isa gida labarin ya riga ni shiga ɗakin Inna.

Ka san Gaya da barka. Washegari tun da hantsi mata suka fara sallama. Inna ta sa aka soya masa aka raba sadaka, ta ɗaura zanenta na zuwa biki ta zauna a tsakar gida tana karɓar gaisuwa. Kawu Baraka ya taso daga Bana a kan babur da zabbi biyu. Abokan aikina na lise sun zo a ƙungiya, limamin unguwa ya yi addu'a ya shafa littafin ta kan takardar siminti. Duk wanda ya ce in buɗe bangon sai in ce ina tsoron hannun yara da maiƙo, ba wanda ya matsa. Na roƙi Kawu da Rahinatu kada kowa ya gaya maka, wai ina so in ba ka mamaki da kaina. Da ka kira ranar Juma'ar nan na ce maka Inna na barci, ba barci take ba, tana tsakiyar baƙi. Na so in ce maka kunya ta hana ni sakewa, amma ba haka aka yi ba. Daɗi na ji. Kwana tara ina tafiya cikin gari ana nuna ni, waɗanda da ni nake fara gaishe su suka koma tsallako titi su ba ni hannu. Na ɗanɗana abin da kake ci kullum, na kuma ji haushinka fiye da da, domin yanzu na san ɗanɗanonsa.

A cikin kwanakin nan na zauna na rubuta rapor. Na zaɓi na Faransa. Na kawo hujja mai kyan gani, na ce bai dace malami ya ɗora wa ɗalibai littafin ƙanensa ba, za a ce son kai ne, na kuma baza kurakuran shekarun nan biyu kamar su ne ƙarshen duniya. Hujjar da ban rubuta ba ita ce, cikin ɗalibai sittin da za su shigo bana, sha biyu ƴan Gaya ne. Ranar da aka raba littafinka, a makon sunanka zai hawo mota ya iso tasha. Wato don in ci gaba da yawo da rigar da ba tawa ba, na yarda yara sittin su shekara suna duban baƙaƙen hotuna suna haddace abin da ba su gane ba. Na sa hannu, na ninke, na sa a sakoshi, jakata ta aiki.

Habiba ce ta tare ni. Ita ta dafa abincin ƴan barka duk kwanakin nan ba ta ce min uffan ba, alhali ita take share ƙarƙashin akwatin, ta san rubutuna yana nan yadda yake, ya tsaya a rabin babi na shida tun haihuwar ƴarmu Sakina. Safiyar da zan tafi Doso ta kawo min koko a faranti, ga littafin a gefen kwano, tsirara, sunanka a sama. Ta ce takardar take so, za ta shanya barkono a kai. Na hau faɗa, ta bari na gama, sannan ta ce ita ba ruwanta da abin da ke tsakanina da ƙanena, mun fi kusa, amma ƴaƴan mutane da za su zauna a gabana ba su ci min komai ba. Ashe ta karanta rapor ɗin, na mance sai da ta gama lise na aure ta. Mota ta tafi ba da ni ba. Kayan aro dai ba ya rufe katara, na ɗauki littafin haka na nufi ɗakin Inna.

Na durƙusa na faɗa mata duka, tun daga ƙaramar Salla. Na shirya wa faɗa, na shirya wa kuka. Ta karɓi littafin ta juya shi, ta sa na nuna mata inda sunanka yake, ta shafa wurin da babban yatsa. Ta ce barka ba ta ɓaci ba tunda ciki ɗaya ne, masar da aka raba kuma ta isa inda za ta. Sai ta ƙara da murya ƙasa-ƙasa, ba da niyyar ciwo ba, kamar mai magana da kanta:

"Dama na yi mamaki."

Da marina ta yi, da ya fi min sauƙi. Kwana tara tana karɓar barka da zanen biki, ashe a ranta tana mamakin a ce ni ne. Nan take ta ce in kira mata kai. Na roƙe ta ta ba ni kwanakin da Isufu zai yi a hanya, ka fara ji daga gare ni. Da ƙyar ta yarda, tun jiya take aikowa a tambaye ni ko na gama rubutun.

Baba Alfari kuwa, da na je na faɗa masa gaskiya, ya ce abin da makirfo ya ɗaura, makirfo ne zai kwance. Ya sa na tsaya a gefensa ya sanar, Hausa da Dendanci. An yi dariya, ba mai yawa ba. Da zan tafi ya riƙe hannuna ya ce har gobe maganar tawa ce, amma magana a baki tsuntsuwa ce, wanda ya kama ta ya sa a keji shi ke da ita. Na koma gida na yaga rapor na rubuta sabo. Na zaɓi naka ya zama littafin aji, na ce a ajiye na Faransa a ɗakin karatu don mai son zurfafawa, a ari tambayoyin na biyun, tarihin da ka gajarta kuma zan cike shi da kaina. Na rubuta a fili cewa marubucin ƙanena ne, in suna ganin son kai su sa wani ya sake dubawa. Dakta Hamani bai ma karanta har ƙarshe ba ya amince. Abin da ya dame shi kawai in ba shi lambarka, yana so ya gayyato ka ka yi wa ɗalibai jawabi. Na ba shi daidai, ban canja ko ɗaya ba, ko da yake zuciya ta raya min.

To ga inda muke. Na zaɓi littafinka domin shi ya fi, ba domin na warke ba. Ina kishinka, ƙanena. Ina jin zafin sunanka a bakin mutane, ina kuma alfahari da kai, ban san yadda abu biyun suke zama a ciki ɗaya ba. Ɓoye littafin da cin barkarka laifina ne, ka yafe min. Amma ni ma ina da tambaya. Shafin godiyarka na karanta shi ya fi sau ashirin. Ka ambaci Baba da Inna, da Khaulat, da malamanka na can, ka ambaci Baba Alfari da rumfarsa da suna. Ni ina cikin sauran ƴan uwa, tare da Rahinatu da ba ta taɓa zama ta kalli fim har ƙarshe ba. Ba roƙonka nake ka sa sunana a bugu na biyu ba, in ka yi haka bayan wannan takarda sadaka ce, ba zan karɓa ba. So nake ka faɗa min, lokacin da kake rubuta babin nan, ka tuna daga bakin wa ka ji, ko kuwa ka ɗauka daga kanka ya fito? In ka tuna ka yi shiru, to mun yi kunnen doki, ka ci nawa na ci naka, sai mu yafi juna. In kuwa mancewa ka yi, ka faɗa min hakan ma, kada ka tausaya min. Wannan amsar nake tsoro, domin in har kai ka mance, to duk shekarun nan ba wanda ya riƙe cewa na taɓa sanin wani abu sai tsoho ɗaya, shi ma ƙarfinsa ya fara ƙarewa.

Ka gaishe min da Khaulat, ka ce Habiba ta sa mata kuka da busasshen kifi a ƙullin da ke hannun Isufu. Ka shafa min kan Nura da Rashida. Kawu Baraka na gaishe ka, haka Rahinatu da maigidanta, da Sakina da ƴan uwanta. In ka gama karantawa ka fara kiran Inna, tana jira. Ni ba sai ka kira ni ba, ka rubuto, zan fi iya ɗauka a takarda. Litinin ta sama za a koma karatu, zan shiga aji da littafinka a hannu, in rubuta sunanka a allo, in gaya wa yaran su kwafa da kyau.

Allah Ya sada mu da alheri.

Yayanka,
Rashidu Ado